Kangyang da Dutsen Bayan Romi

Duk wanda ya zauna a Romi a shekarun tamanin, in dai yana leƙa coci, ya san Kangyang matar Dalyop, ko da bai san sunanta na gida ba. Maman Judith ake ce mata. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa in ta ƙwala wa ɗanta kira daga bakin rijiya, har 'ya'yan maƙwabta sai sun amsa. Mutane sun ce masifaffiya ce, kuma ba sharri suka yi mata ba. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, da wuya ka same ta tana masifa a kan abin banza.

An haife ta a wani ƙauyen Birom da ke gefen Riyom, inda duwatsu ke ɗare-ɗare a kan juna. Can yaro ba ya koyon hawa dutse, a kansa yake koyon tafiya. Gonar accar ubanta a jikin tudu take, an tare ƙasar da jerin duwatsu don kada ruwa ya kwashe ta, kuma tun Kangyang ba ta isa ɗaukar tulu ba take miƙa wa uban dutse yana jerawa. Ta auri Dalyop yana leburan kuza. Da kuza ta mutu, ya ji ana ɗaukar ma'aikata a masaƙun Kakuri, ya tattaro ta da 'ya'ya suka yo Kaduna bayan yaƙin basasa. Shi yana ciki yana shaƙar auduga, ita tana bakin ƙofa da tukunyar gwaten acca tana jiran a tashi aiki.

Kaduna ba ta yi mata rowar komai ba sai abu ɗaya. Ta ba ta ciniki, ta ba 'ya'yanta makaranta, daga baya ma suka sami ɗan fili a Romi suka yi ɗaki biyu da rufin kwano. Amma ba ta ba ta inda za ta tsaya ta hangi nesa ba. Duk inda ta juya katangar wani ce, ko shanyar wani, ko ƙeyar wani. Takan ce garin nan shimfiɗa shi aka yi kamar tabarma, mutum in ya yi fushi ba shi da inda zai kai fushin.

Fushin ne kuwa ya nuna mata hanya. Wata Asabar cikin daminar 1981 suka yi kaca-kaca da Dalyop a kan ƙaninsa, wanda ya zo da sunan kwana biyu ya miƙe ƙafa har ya fara gyara mata gishirin miya. Ta ɗaura ɗankwali ta fice, ta bi bayan gidaje, ta ratsa gonakin doyar Gbagyi, ta nufi wajen Gonin Gora ba don tana da abin yi a can ba. Tana cikin tafiya tana ƙunƙuni sai ga dutse a gabanta, ya taso daga cikin kurmi, baƙi, mai ƙusumbi. In aka kai shi Riyom ko kallo ba zai isa ba. Amma dutse ne. Ta kutsa cikin ƙaya da rarrafe, zane ya yage, gwiwa ta goge, ta dai kai sama.

Saman shimfiɗaɗɗe ne kamar wurin sussuka. Ga kanya, ga wani gamji da ya tsaga dutsen ya fito, ga kwarmi cike da ruwan sama, zabin daji suka tashi daga gefensa. Daga nan ta hango hayaƙin masaƙu, da layin dogo, da wutar matatar mai can gabas, da manyan motoci a hanyar kudu sun zama 'yan mitsi-mitsi. Ta zauna, iska ta buge ta. Ba ta tashi ba sai da ta nemi abin da ya ɓata mata rai ta ji ya yi ƙanƙanta. Ta koma gida ta dafa tuwo, washegari ta kori ƙanin mijin cikin ruwan sanyi.

Kangyang 'yar ƙauye ce, ta san babu dutsen da ba shi da mai shi. Ta yi tambaya aka nuna mata gidan Baba Shekwolo, wani tsoho Gbagyi wanda kakanninsa suka zauna a kan dutsen zamanin da ake farautar mutane, suka sauko da duniya ta yi lafiya. Ta je da zakara da kwanon acca, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ba gona take nema ba, ba fili ba, wurin hawa kawai take so. Tsohon ya daɗe yana kallon ta. A shekarun nan ba a zuwa gidansa sai da maganar fuloti.

"Ki hau, ki sauka, 'Yar Jos," in ji shi. "Ki kawo wanda kike so. Abu biyu ne. Gefen gabas kada a taka, iyayena na kwance a wurin. Sannan kada a dasa komai. Ko barkono ne."

Ta san dalili ba sai ya faɗa ba, don a garinsu ma haka ne: baƙo ya noma abin da zai girbe bana, amma itace na mai ƙasa ne, wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce. Shi kuwa Baba Shekwolo ba a baki ya san wannan ba. Yana da fadama a bakin rafi, wani ya zo ya roƙi wurin masara, ya ba shi. Mutumin ya soka mangwaro a kusurwoyi. Da aka je kotu bayan shekaru, ba a tambayi wa ya gaji fadamar ba, aka tambayi wa ya dasa mangwaron. Yanzu gidan haya ne a wurin, tsohon yana wucewa ta ƙofarsa in zai je kasuwa.

"Wanda kika kawo, ke kika kawo shi," ya ƙara.

"Na tsaya musu, Baba," in ji Kangyang.

Daga nan ta sami aikin da ba wanda ya sa ta. Duk Asabar in ta wanke tukunya sai ta ɗauki adda da 'yar fartanya ta nufi dutse. Ƙaya kawai take sarewa, ɗanyen itace ko reshe ba ta taɓawa. Inda hawa ya yi tsauri ta jera matakala da duwatsun da ta tsinto a wurin, ba siminti, kowane dutse sai ta juya shi ta sake juyawa har ya sami mazauninsa, yadda ubanta ke yi. Ta ja hanyar ta karkace nan ta karkace can don tsoho ma ya iya bi. A kowane lanƙwasa ta yi wa ruwa magudana ta jera mata duwatsu, saboda ta san hanyar dutse ba ƙafa ke kashe ta ba, ruwan sama ne. Dalyop yakan ce, "Maman Judith, da za ki riƙa share ɗakin nan yadda kike share dutsen Gbagyi, da Bature ma ya kwana a ciki." Ta ce ai ɗakin yana da wani mai hannu biyu.

Faɗa kuwa ta yi shi a dutsen nan ba iyaka. Ta yi da 'yan farautar gafiya masu cinna wa ciyawa wuta da rani. Ta yi da mata masu sare ɗanyar kanya su jingine ta ta bushe su ce a bushe suka tarar. Wani saurayi ya rubuta sunansa da na budurwarsa da jan fenti a goshin dutsen, ta bi shi har shagon da yake koyon walda a Sabon Tasha, ta yi masa tatas a gaban ubangidansa, ya zo da kananzir da tsumma ya goge yana tsine mata a ciki. Ko a jikinta.

Kuskurenta, in kuskure ne, daga alheri ya fito. Akwai al'adar da masu bi suke yi ranar Litinin ta Ista, a fita bayan gari a wuni ana ci ana sha ana waƙa, a ce an tafi Galili, don an ce can Yesu ya riga almajiransa bayan ya tashi. Ikilisiyarsu Kangyang filin ƙwallon firamare take zuwa Galilinta. A zauna cikin rana tsaka da kashin awaki, a ci shinkafa da ƙasa, a koma gida da ciwon kai. Abin yana ci mata rai. A taron Zumuntar Mata ta miƙe ta ce ita ta san Galili na gaske, ta kuma nemi izinin mai wurin an ba ta.

Wanda ya hau dutsen a Istar farko ba zai manta ba. Kafin kowa ya ɗaga ƙafa Kangyang ta tsaya a gindin hanya, hannu a ƙugu, ta karanto doka: ba a taka gabas, ba a karya reshe, ba a barin ko ƙashin kaza, ba a dasa komai. Sannan aka hau a jere, mata da kuloli a ka, 'yan Binuwai da sakwararsu, 'yan kudancin Kaduna da wakensu, 'yan Jos da gwate, 'yan kwaya da ganguna. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ngas da ta shekara goma sha ba ta je gida ba, da ta kai sama ta dafa dutsen da tafin hannu ta fashe da kuka, ta koma dariya. Aka buga tulu aka yi rawa har rana ta yi sanyi. Da za a sauka Kangyang ta sa kowa ya tsince gabansa, Fasto ma sai da ya sunkuya. Ta cika babban kwano da abinci ta kai wa Baba Shekwolo da kanta.

Haka aka yi ta yi kowace shekara, dutsen kuma ya yi jama'a ko ba Ista. 'Yan makaranta suna hawa da littattafai in jarrabawa ta matso. Ma'aikatan asibiti suna zuwa shan iska ranar hutu. Da masaƙu suka fara sallamar ma'aikata, maza da yawa can suke wuni don kada su zauna a gida matansu suna kallon su. Dalyop ma da tasa sallamar ta zo, sai da ya yi makonni yana hawa, bai kuma sake yi mata ba'a a kan dutse ba.

Akwai wani mai motocin tifa da ya daɗe da sa wa dutsen ido, don gari na ta faɗaɗa, kowa tsakuwa yake nema. Ya bi ta hannun Wilson, babban ɗan Baba Shekwolo, wanda ke tuƙin bas tsakanin Sabon Tasha da cikin gari yana fama da iyali. Wilson ya yi magiya ya gaji. Amsar tsohon ɗaya ce kullum: iyayensa na kwance a kai, mutane kuma na hawa, kuma ba su taɓa yi masa ba daidai ba. Kangyang ta san da wannan. Ta san abin da ya tsaya tsakanin dutsen da nakiya bai wuce amanar da ke tsakaninta da tsohon ba.

Sai ga Dattijo Daniel. Babban ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati, dattijon ikilisiya, mai fijo fara da murmushi ba yankewa. Ba mugu ba ne, kuma abin haushin ke nan, da mugu ne da an san maganinsa. Irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu yana tafiya lafiya su ƙyale shi, sai sun kafa masa kwamiti. Ya kafa kwamitin Galili, ya zama shugaba, aka sa sunan Kangyang a can ƙasa a matsayin mai kula da shara. Ta haɗiye wannan. A daminar 1986, lokacin da ko'ina ake ta kiran a dasa itatuwa don hamada, ya kira taro ya ce ya samo dashe kyauta daga gandun daji, mangwaro da yazawa da turare, za a jera su daga gindin hanya har sama.

Kangyang ta ce ba za a dasa ba. Ta faɗi sharaɗin, ta ba da labarin fadamar, ta maimaita da ƙarfi don masu nauyin kunne.

"Haba Mama," in ji Dattijo Daniel yana murmushi. "Wa ke faɗa da itace? Wannan ai ci-gaba ne, gwamnati ce da kanta ta ce a dasa. Mu da muke son mu gyara masa wuri kyauta? No, no, ki bar mini tsohon, ni zan yi masa bayani."

"Dattijo, kai ba ɗan ƙauye ba ne? A garinku baƙo na dasa mangwaro a gonar aro?"

"Wancan ƙauye ne, Mama. Nan Kaduna ce."

Aka yi dariya. Ta ce duk wanda ya soka ko tsinke a dutsen nan zai gamu da ita, aka sake dariya, don an saba da bakinta. Fasto ya ce a bar maganar tukuna, aka rufe da addu'a. Ta ɗauka an bari ke nan. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo cewa Judith, babbar 'yarta da ke aure a Bukuru, ta haihu, ta ɗaure kaya ta tafi wankan jego.

Suka jira ta ba da baya. Wannan ne abin da ba ta yafe ba har ta mutu, cewa sun san abin da suke yi har suka jira ta ba da baya. Wajen tsohon kuwa Dattijo Daniel bai taka ba. Ya ce ya yi niyya, aiki ne ya yi masa yawa a ofis.

Ranar da ta dawo, ko kayan ba ta kwance ba Asabe maƙwabciyarta ta shigo tana murza hannu. Ta ce an dasa. Ta ce an yi taro da 'yan kwaya da mai ɗaukar hoto, wani babba ya zo daga ma'aikata ya dasa na farko, har an faɗa a rediyo cewa ikilisiya ta ƙawata wurin shaƙatawarta da ke bayan Romi. Kangyang ta juye daron dankalin da ta zo da shi a tsakar gida, ta ɗauki daron ta fita.

Abin da ta tarar ya fi abin da aka faɗa mata. Dashe ne reras hagu da dama, kowanne an kewaye shi da duwatsu an shafa musu farar ƙasa. Duwatsun kuwa nata ne, na magudanun ruwa, an ƙwaƙule su don sun fi kusa da hannu. Ruwan Agusta ya sami hanya a buɗe ya bi ta tsakiya ya yage ta, matakalar da ta yi shekaru tana jerawa ta zube a wurare da dama. Da ta kai sama ta duba gabas sai ta ga yazawa a jere a tsakanin kaburbura, saboda wurin ne ya fi ƙasa mai laushi. Ta cire takalmi, ta roƙi gafarar waɗanda ke kwance, ta shiga ta fara da waɗannan. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka tana tumɓukewa, ba ta bar ko ɗaya ba, ta danna su a daro ta ɗora a ka.

Baba Shekwolo na zaune a gindin rumbu da ta shiga. Ta sauke daron a gabansa ta durƙusa. Wilson ya fito daga ɗaki, ya ga ganyen mangwaro, ya yi tsaki.

"Yanzu kika zo? Mun ji a rediyo, Madam. Wurin shaƙatawarku. Duk Kaduna ta ji. Gobe in an je kotu ga hoto, ga babban mutum ya dasa da hannunsa, mu kuma mu ce me? Haka aka yi mana a fadama, muna kallo."

"Baba, ba na nan," in ji Kangyang, ba ta ko dubi Wilson ba. "Na hana, suka jira na tafi. Ga su nan duka na cire, ko ɗaya ban bari ba. Gobe zan kawo wanda ya yi ya durƙusa a nan."

Tsohon ya sa sanda ya taɓa dashen da ke cikin daro.

"Na san ba ke ba ce, 'Yar Jos. Itace kin cire. Abin da aka faɗa a rediyo fa, da me za ki cire shi?" Ya janye sandar. "Na zauna ina jira ko wani zai zo daga cocinku ya ce mini wani abu. Ba wanda ya zo. Sai na ce wa Wilson ya kira mai tifa. Gara in bayar da hannuna da a karɓe ina kallo."

"Iyayenka fa?"

"Za mu kwashe abin da ya kwasu, mu kai su gona." Ya ɗago ya dube ta, ba da faɗa ba. "Ke kika ce kin tsaya musu."

Kangyang ta so ta yi wa tsohon masifa, ta so ta yi wa Wilson, ta duba ta ga ba ta da ta cewa a kan ko ɗayansu. Ta ɗauki daronta ta fita, fushin yana tafasa ba inda za ta sauke shi. Ta kwana da shi. Washegari Lahadi, ana fitowa daga sujada, ta juye daron gaba ɗaya a kan farar fijon Dattijo Daniel, laka da saiwa da baƙar leda. Abin da ta faɗa masa a wurin ba ya maimaituwa, amma ta kira shi ɓarawo mai murmushi, ta kira kwamitinsa taron 'yan amshin shata, ta haɗa da Fasto da ya yi shiru.

Dattawa suka zauna a kanta a makon. Ba su zauna a kan wanda ya karya sharaɗi ba, ba su tura kowa gidan tsohon ba, ko don a ce an gwada. Abin da suka gani shi ne mace ta lalata dukiyar ikilisiya ta kuma zagi dattijo a bainar jama'a. Aka sa ta a horo: ta koma bencin baya, ba ta cin jibin Ubangiji, ba ta ɗaura zanen Zumunta, sai ranar da ta tsaya a gaban jama'a ta nemi gafara. Bencin baya kowa ya san na su wa ne. Mace mai jika ta zauna a wurin da ake ajiye waɗanda aka kama da abin kunya, mutanen da ta koya wa hawa dutse suna waiwayowa suna kallon ta.

Da ruwa ya ɗauke mai tifa ya kawo mutanensa. Da gamjin suka fara, don ya tare inda za su fara fasawa. Bayan haka kullum da hantsi sai a ji ƙarar nakiya, kwanon rufi ya amsa, kaji su watse. Kangyang in ta ji sai ta ajiye abin da ke hannunta har ƙarar ta mutu, sannan ta ci gaba. Mata suka samu aikin fasa tsakuwa da guduma a gindin dutsen, Asabe ma ta shiga, don mijinta na cikin waɗanda aka sallama. Kangyang ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarta, daga baya ta ga tafin hannun matar ya farfashe, ta aika mata da man kaɗanya. Ba da Asabe take ba.

Da Ista ta matso Fasto ya zo gida da kansa. Ya ce ba ya son bikin tashin Ubangiji ya same ta a waje, Dattijo Daniel ma ya ce shi ya yafe tuni. Kalma biyu kawai ake so, ta ce ta yi kuskure, shi ke nan. Dalyop ya sa baki, ya ce ta dubi 'ya'yansu, ana nuna su a unguwa.

"To, Baba Fasto," ta ce. "Zan tsaya."

Ranar Lahadin cocin ya cika, har da waɗanda ba su saba zuwa ba, don labari ya zaga cewa yau Maman Judith za ta ba da haƙuri. Dattijo Daniel ne ya karanta sanarwa. A ciki ya ce saboda wasu dalilai da suka fi ƙarfin kwamiti, Galilin bana a filin firamare za a yi, kowa ya zo da lema. Ya zauna. Fasto ya kira sunanta, ta taso daga baya, ta bi tsakiya a hankali har gaban bagadi, ta juyo ta fuskanci jama'a. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya sa kowa ya yi tsit.

"An ce in faɗi kuskurena, zan faɗa. Motar Dattijo an wanke ta. Itatuwan kuma in yau aka sake dasawa, yau zan sake cirewa. Kuskurena ɗaya ne. Wani tsoho ya yarda da ni, ya tambaye ni ko mutanena za su riƙe amana, na ce za su riƙe. Na kama hannunku na nuna muku hanya. A kan wannan nake neman gafara, kuma ba a wurinku ba. Wanda zan roƙa yana can yana kwashe ƙasusuwan iyayensa."

Fasto ya dubi dattawa, dattawa suka dubi takalmansu. Can Fasto ya yi gyaran murya ya ce to, ikilisiya ta ji, 'yar'uwarmu tana iya komawa wurinta a cikin mata. Matan Zumunta suka matsa suka buɗe mata wuri a benci na biyu, inda ta saba zama.

Kangyang ta wuce su, ta koma bencin baya ta zauna. Bayan an tashi Fasto ya bi ta ya ce ai an ɗage horon, ko ba ta ji ba ne. Ta ce ta ji. Ta ce daga nan baya tana ganin kowa, kuma ba wanda zai sake cewa ita ya bi. Ta shekara da shekaru a Romi bayan haka, ba ta fasa zuwa sujada ko sau ɗaya ba, kuma a bencin nan take zama.